Abin da Baba Vandi Ya Faɗa Bayan Ya Ce Kat

Madam Dorathy, shugabar shirye-shirye a ƙaramin gidan rediyon da nake neman shiga, abu ɗaya ta nema a wurina: in kawo mata hira da wani dattijo mai tarihi kafin Juma'a. In hirar ta yi daɗi, shirin dattawa na yammacin Lahadi ya zama nawa. In ba ta yi ba, za ta ba Japhet, wanda a haife na haife shi, kuma yana iya zuba magana daga Mubi har Michika bai tsaya haɗiyar yawu ba.

Ni tela ne. Sai da furfura ta fara leƙo mini sannan na zauna a benci na koyi rubuta sunana, na bi a hankali har na samu difloma a aikin jarida, a ajin da malamai ma Baba suke ce mini. Abin da na iya tun asali shi ne saurare. Mutum zai kawo mini gyaran wando a shago, ya tafi ya bar mini tarihin gidansu kaf. Na ɗauka hira ma haka take.

Na zaɓi Baba Vandi. Duk wanda ya kai shekaruna a wannan yanki ya taɓa zama a filin firamare ko harabar coci, janareto na ihu a baya, yana kallon fim ɗinsa a talabijin da aka ɗora kan tebur. Bai taɓa ɗaukar ɗan wasa daga birni ba. Manoman Betso da Bahuli yake tarawa bayan girbi, ya ce wane kai ne mai gari, wance ke ce uwar ɓarawo.

Na same shi da safe a gidansa a Lokuwa, ƙarƙashin mangwaro. Bayan mun gaisa, ya tashe ni daga kujerar da na zauna, ya ja ta gefe, ya dubi rana, ya sake jan ta.

Na ce, "Baba, rediyo ne fa. Ba a ganinmu."

Ya ce, "Murya ma tana son haske. Zauna nan, Malam Ishiyaku. In na ce akshan, mun fara. In na ce kat, shi ke nan."

Na ɗora wayata a kan ɗan teburin da ke tsakaninmu. Ya gyara hula, ya ce akshan, na danna. Na tambaye shi yadda ya fara harkar fim.

Sai mutumin ya miƙe wuya kamar wanda za a ɗauka hoton fasfo. Ya ce, "To, da farko dai ina godiya ga Allah da wannan gidan rediyo mai albarka. Harkar fim harka ce mai muhimmanci wajen ilimantarwa da faɗakarwa da nishaɗantarwa. Ina kira ga gwamnati da masu ruwa da tsaki..." Haka ya yi ta kira har ya gaji, ya ce, "Kat!"

Na sa yatsa na tsayar. A gidanmu in babba ya ce a tsaya, tsayawa ake yi. Kuma a makaranta an koya mana cewa ba a naɗar muryar mutum sai da izininsa. Wannan tambayar ta fito a jarrabawa, na kuma ci ta.

Baba Vandi ya cire hula, ya miƙe ƙafa, ya zama wani mutum.

Ya ce, "Ka san da kamarar biki na fara? Ta wani mai ɗaukar aure ce, nakan aro ta ranar da ba a aure. Fim na farko, a Betso, akwai wurin mutuwa. Zacharia, wani mai noman gyaɗa, shi ne gawa. Muka naɗe shi a tabarma, na ce mata su yi kuka. Kai, matan nan sun yi kuka! Ashe an ji har tsallaken mayo, rafin garin ke nan. Kafin mu ankara ga mutane da tukwane da itace, sun zo zaman makoki. Surukar Zacharia ta shigo tana birgima. Ni kuwa na ce kada wanda ya yi magana, irin wannan kuka ba a samunsa sau biyu."

Na ce, "Shi kuma Zacharia fa?"

"Barci ya yi! Rana ta dafa shi a cikin tabarma. Ana tsakiyar addu'a sai gawa ta ja minshari. Malam Ishiyaku, akwai tsohon da ya bar sandarsa a wurin, har yau bai dawo ɗauka ba."

Na yi dariya har da hawaye, waya tana kwance a kashe.

Muka koma akshan. Na tambaye shi ƙalubalen da ya fuskanta. Ya ce rashin kayan aiki na zamani da rashin tallafi. Ya ce kat. Na tsayar.

Matarsa, Mama Margret, ta fito da kunun gyaɗa. Ya nuna ta da baki. "Wannan a fim na same ta. Na ce ta mari saurayin da ya yaudare ta, a hankali, don kamara. Ta kashe yaron mutane da mari har kunnensa ya toshe. Na ce wannan in ban aure ta ba, wani zai sha wahala a banza."

Ta ce, "Ƙarya yake, malam. Sau nawa ya sa aka maimaita wurin don ya ƙara kallona? Yaron ne ya sha wahalar."

Daga nan muryarsa ta sauka. Ya ba ni labarin shekarar da 'yan ta'adda suka shigo aka gudu daga gari. Ya ce ya zuba kaset-kaset ɗinsa duka a akwatin ƙarfe, ya tura ƙarƙashin gado, suka bi ta duwatsu da kayan jikinsu. Da suka dawo, rufin ɗakin ya buɗe, damina ta shiga ta fita. Ya ɗaga murfin akwatin ya tarar duk sun manne da juna, sun yi fari. Ya ce bai yi kuka ba, sai dai ya daɗe yana jin kunyar haɗuwa da iyalan waɗanda suka yi masa wasa suka rasu, don a wurinsa kaɗai muryarsu ta rage.

Na ci gaba da saurare. Wannan kam na iya.

Can ya share fuska, ya matso da kujera. Ya ce, "Bari in gaya maka sirrin aikina. Manomi yana ganin jar wutar kamara sai ya zama itace. Mutumin da ke zagin ɗan'uwansa da daɗi a kasuwa, sai ya koma yana magana kamar mai karanta sanarwa. To sai na liƙe jar wutar da baƙin salatif. In ce kat, kowa ya saki jiki, a ce bari mu gwada kawai, ni kuwa kamara tana tafiya. Duk wurin da mutane suka so a finafinaina, bayan kat aka ɗauke shi. Duk wanda ya san aiki haka yake yi." Yana faɗa yana kallon wayata, har ya ƙwanƙwasa teburin kusa da ita.

Na ce, "Kai, Baba, ka iya dabara!"

Ya yi murmushi, na yi murmushi. Na ji daɗin yadda muka fahimci juna.

Da rana ta take, ya ce ya gaji. "Kunna mana wurin gawar nan mu ji yadda ya fito."

Na kunna. Muryarsa ta fito tana godiya ga gidan rediyo mai albarka.

"Wuce wannan."

Na wuce. Rashin kayan aiki na zamani.

"Wuce."

Na ce, "Ya ƙare, Baba."

Ya dube ni. "Ina sauran?"

"Ai ka ce kat."

Ya dafe kai. Sannan ya ce, "Na ba ka labarin jar wuta ina kallon wayar. Har tebur na buga maka."

Na ce, "Na ɗauka jaddadawa kake yi."

Mama Margret ta zauna a bakin ƙofa tana riƙe da ciki don dariya. Da ƙyar ta ce, "Tun da na aure ka kake kukan ba ka da mai jin maganarka. Ga shi yau Allah ya kawo maka shi har gida."

Na roƙe shi mu sake. Ya yarda, don mutumin kirki ne. Ya ce kat da ƙarfi, na bar wayar tana tafiya, na kau da kai kamar ba ruwana. Ya buɗe baki, ya saci kallon teburin, ya ce, "A wancan lokaci, a garin Betso, mun fuskanci wani al'amari na rashin fahimta tsakaninmu da al'umma..." Ya tsaya. Muka ɓoye wayar a aljihuna, muka rufe ta da hula, Mama Margret ta kai ta bayan randa. Duk inda take, wuyansa sai ya miƙe.

Ya ce, "Ka ɓata abin. Ɗazu zato nake yi kana ɗauka, ban tabbata ba. Da wannan ɗan shakkun ake aiki. Yanzu na tabbata."

Ranar Juma'a na kai wa Madam Dorathy abin da na samu. Ta saurara har zuwa masu ruwa da tsaki, ta cire abin kunne, ta tambaye ni ko wannan ne Baba Vandi da mahaifiyarta ke ba ta labari. Na faɗa mata yadda aka yi. Ta ce to me ya ce bayan kat ɗin? Na ba ta labarin Zacharia da marin Mama Margret da akwatin ƙarfe, yadda na ji su. Ta yi dariya inda na yi, ta yi shiru inda na yi, shayinta ya huce.

Sannan ta ce, "Baba Ishiyaku, wannan ita ce hira mafi kyau da aka taɓa kawo mini. Sai dai ba ni da igiyar da zan jona kanka da injin watsa shiri. Mutane muryarsa suke so su ji." Ta ba Japhet shirin.

Na koma shago, na ɗauko wata riga da ke jiran wuya. Ina cikin ɗinki waya ta yi ƙara. Baba Vandi ne.

Ya ce, "Yaushe za a sa? Na faɗa a coci, kowa yana jira."

Na ce, "Ba za a sa ba, Baba. An ba wani shirin."

Ina jin kaji a bayansa. Sannan ya ce, "To. Ka zo gobe mu ci abinci. Akwai labarin ranar da jakin mai gari ya shiga cikin fim, ban ba ka ba."

Na ce, "In zo da waya?"

Ya ce, "Ka yi me da ita?"