Tantabarun Nu'uman

A shekarar da mayaƙan Tatar suka doshi Bagadaza, Muwaffak mai kiwon tantabaru a garin Wasiɗ ya tare a kan soro. Can yake wuni, ido a arewa, ko abinci sai an bi shi da shi.

Ɗansa tilo, Nu'uman, masaƙi ne a Bagadaza. Da zai tafi ya ɗauki kwando cike da tantabarun gida, tun da tantabara ba ta san wata hanya ba sai ta komawa inda aka ƙyanƙyashe ta. Suka yi alkawari duk tsayuwar wata zai saki guda, da jan zare a ƙafa in yana lafiya, baƙi in akwai matsala.

Labaran fatake ba daɗin ji. A Masar an kashe sarki an ɗora yaro, garuruwan Farisa masu ganuwa a kan duwatsu sun faɗi, yanzu kuma an ce mahayan Tatar sun yi wa Bagadaza, birnin Halifa, zobe. Watan Safar ya tsaya, ba ja ba baƙi. Tsoro ya cika cikin Muwaffak.

"Baban Nu'uman, sauko ka ci gurasa," in ji matarsa Zumurruda daga tsakar gida. "Ka ƙura wa sama ido sai ka ce kai ka kafa ta! Wa ya isa ya taɓa Bagadaza?"

Da hantsi sai ga tantabarun, ba guda ba, garke sukutum. Zumurruda ta hau soro tana rangaɗa guɗa.

"Ka gani? Yaron nan hanya ya kamo, shi ya sa ya turo su gaba!"

Muwaffak ya nufi inda suka sauka. Ya riƙa kama su yana duba ƙafafu. Babu zare ko a guda. Wata fara ma jelarta a babbake take, tana warin hayaƙi.

"Yi magana mana, bawan Allah!"

"Mai niyyar tafiya zare yake ɗaurawa, Zumurruda. Duka ya buɗe musu, don ya san gobe babu mai zuba musu hatsi."

"Wataƙila wani ne ya..."

"Shi ne. Tun yana ƙarami ba ya iya barin tsuntsu a kulle da yunwa."

Ta zauna daɓas a kan soron.

"Ya samu zarafin zare sakata," in ji Muwaffak. "Na ɗaura zare ne bai samu ba."