Ruwan Baƙon Wuri

Sai da Mushe Zaidu, wato Malam Zaidu a bakin 'yan bokon Nijar, malamin tarihi, ya taka da ƙafarsa har shagon ɗinkin Malam Muhsin a kasuwar Konni kafin aka bar ɗiyarsa Hanifa ta bi 'yan ajinsu yawon ganin wuraren tarihi. Malam Muhsin bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba ya ce ya yarda. Sharaɗin kuwa sai da yamma ya faɗa mata shi, a tsakar gida, a gaban mahaifiyarsa.

"Masallaci ki shiga. Gidan siminti ki kalla. Amma wurin nan na arna da malaminku ya ce za ku, ido kawai. Kada ki ci nasu, kada ki sha nasu, kada ki kawo mini ko tsinke daga can. In na ji labari, zancen jami'a a garin Tawa ki manta da shi."

Hanifa ta ce to. Ba ta taɓa ce wa Baba wani abu ban da to ba. Jami'ar nan kuwa ita ce abin da take kwana da shi take tashi da shi tun tana ƙaramar lakwal, wato firamare, kuma saura mata 'yan watanni ta zana jarrabawar ƙarshe.

Kaka Hajara tana zaune a kan tabarma da moɗa a hannu. Ta tambaya, "Wane gari ne, ƙawata?"

"Wai Rijiyar Duwatsu, Kaka. Can wajen Tajaye."

Kaka ta dubi moɗar hannunta. Ta tsoma ɗan ƙaramin yatsanta a moɗa, ta ɗiga a ƙasa, ta shafa bayan kunne, sannan ta sha. Haka take yi kullum, babu mai lura ma. Ita ta koya wa Hanifa tun tana ƙarama, ta ce maganin ruwan baƙon wuri ne, don kada ya ɓata wa mutum ciki. Hanifa ta taɓa tambayar ta me ya sa ita take yi har da ruwan randar gidansu, Kaka ta ce cikin tsohuwa ba ya da aboki.

Ranar tafiya zafin bazara ya fito tun hantsi. Hanifa ta zauna kusa da taga tare da ƙawarta Sakina, ɗiyar wani jandarma da aka kawo aiki Konni, wadda bakinta ba ya hutawa. A Malbaza suka tsaya daga bakin hanya suna kallon gidan siminti, manyan motoci na fitowa fari fat, Mushe Zaidu na ɗaga murya yana bayanin yadda dutse ke zama buhu. Nan ya saya musu fiyawata aka jibga a bayan mota. Daga nan suka shiga wani tsohon masallacin laka a wani ƙauye, mai azara baƙa ƙirin da ƙofa gajeruwa, har Kamalu, dogon ajinsu, ya buga goshi aka yi ta dariya. Hanifa ta ji daɗin wurin. Sanyi ne a ciki, da ƙanshin ƙasa, ta ji kamar ta shiga cikin ɗaya daga littattafanta.

Da mota ta bar kwalta ta kama turɓaya sai ta tuna sharaɗin Baba.

"Kowa ya karanta addu'ar da ya iya," in ji Kamalu daga baya. "Wanda ya koma biri kada ya ce ban faɗa ba."

"Kai ai ba wani canji za a gani ba," in ji Sakina.

Hanifa ta zaci za ta ga ƙoƙunan kai da jini da mutane masu jajayen idanu. Abin da ta gani ya ba ta kunya. Gari ne kamar kowane gari: rumbuna, awaki, jaki da amalanke, faranti mai ɗaukar hasken rana a kan wata rumfa inda ake cajin waya, ga kuma masallaci da lasifika. A bayan gari, tsakanin wasu duwatsu masu launin tsatsa, akwai tsohuwar tsamiya, a gindinta rijiya. An share wurin tas, ko kashin akuya babu. Bakin rijiyar itace ne da igiya ta ci har ta yi masa kwari-kwari.

Wata tsohuwa ce ta tarbe su, siririya, da tsintsiya a hannu da tasbaha a wuya. Mushe Zaidu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce musu wannan ita ce Inna Shatu, gidansu ke riƙe da rijiyar tun kafin a san Musulunci a wannan yanki. Ta yi musu bayani a taƙaice. Da can nan ake zuwa roƙon ruwan sama, nan ake yanka kafin a sa iri. Yanzu duk an bari.

"Mu ma salla mukai," ta ce. "Amma rijiya ba ta da mai shara in ba ni ba."

Hanifa ta tsaya can baya, hannuwanta a cikin hijabi don kada ta taɓa ko ganye bisa kuskure. Ƙishirwa ta dame ta. Ta yi tunani a hankali: fiyawatan Malbaza ba na arna ba ne, Baba bai hana shi ba. Ta ɗauki leda ɗaya, ta ciji gefenta. Hannunta ya yi abin da ya saba ba tare da ta sani ba. Ta ɗiga a ɗan ƙaramin yatsa, ta ɗiga a ƙasa, ta shafa bayan kunne.

Tsintsiya ta faɗi.

Tsohuwar ta katse maganarta a tsakiya. Ta ratsa ɗalibai, suna matsa mata, har ta tsaya a gaban Hanifa, kusa ƙwarai.

"Ke ɗiyar wa ce?"

Ruwa na zuba a kan takalmin Hanifa. "Malam Muhsin, tela, a Konni."

"Ban san shi ba. Wa ya koya miki wanga abu?"

"Wane abu, Inna?"

Tsohuwar ta yi shi da nata yatsan, a iska, daidai da daidai: ƙasa, bayan kunne.

"Kakata ce," in ji Hanifa. "Don ciwon ciki ne kawai."

"Ciwon ciki!" Inna Shatu ta yi wata dariya marar daɗi. Ta juya ga Mushe Zaidu. "Malam, ka ce su zo su koyi tarihi, to ga shi. Ɗiyar gidanmu in an kai ta aure nesa, kowane ruwa ta samu baƙo ne a gare ta. Sai ta gaishe shi, ta ba ƙasa rabonta, ta shafa bayan kunne don kada ta mance kiran gida. Har ta mutu. Ruwan rijiyar ga kaɗai take sha kai tsaye. Ba wani gida da ke yin haka a duk ƙasar nan sai namu."

Hanifa ta dubi ledar hannunta. Ta tuna moɗa, ta tuna randar gidansu, safe da rana da yamma, shekara da shekaru.

"Kakata 'yar Sakkwato ce," ta ce. "Ɗiyar malamai ce. Ta je Makka. Danginta duk sun rasu."

"Tana da tabo a nan?" Tsohuwar ta taɓa ƙasan haɓarta. "Kamar ƙaramin wata?"

Hanifa ta san shi. Tun tana goyo take wasa da tabon nan.

"Ni na yi mata shi, da ƙugiyar guga, muna faɗa a kan wa za ta fara ja." Tsohuwar ta dafa ƙirji. "Hajara. Ƙanwata, ciki ɗaya. Wani malami mai fataucin goro ya aure ta ya haura da ita Najeriya, ya ce ba ita ba mu. Mun yi cigiya har muka gaji. Uwarmu ta mutu tana duban hanyar ga. Konni? Ashe Konni take? Nan da Konni?"

Ta zauna daɓas a kan dutse, ta dafe kai.

Sakina ta toshe baki da hannu biyu. Mushe Zaidu ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Kamalu ne ya fara samun harshe, a hankali, amma kowa ya ji.

"Ikon Allah. Ustaziyar ajinmu ashe jikanyar arna ce."

"Kamalu!" in ji Mushe Zaidu.

Inna Shatu ta ɗago jajayen idanu. "Kai dogo, naka kakan da tasbaha aka haife shi? Faɗa mini garinku in faɗa maka dutsen da suke yi wa yanka."

Wasu suka yi dariya, ta ɗan lokaci. Hanifa dai ba ta ji komai ba. Abu ɗaya take gani: ajin nan kaf 'yan Konni ne, kafin magariba labari ya kai kasuwa, ya kai shagon ɗinki.

Tsohuwar ta tashi. Ta karɓi gorar lemo da wata ɗaliba ta shanye, ta ɗauraye, ta jefa guga da kanta, ta hana kowa ya kama mata. Ta cika gorar ta ɗaure murfin tam. Ta miƙo wa Hanifa da hannu biyu.

"Ki kai mata. Ki ce Shatu na nan, ba ta mutu ba tukuna. Amma ta yi sauri."

Hanifa ta dubi gorar. Ko tsinke, in ji Baba. Hannuwanta suka ƙara shigewa cikin hijabi. Sakina ta matso ta raɗa mata, "Bari in riƙe miki, in ce tawa ce." Hanya ce mai sauƙi, Hanifa ta so ta bi ta. Amma hannun tsohuwar na nan a miƙe, kuma yatsun irin na Kaka ne, har lanƙwasar ɗan ƙaramin.

Ta fito da hannu ta karɓa. Gorar na da sanyi.

A hanyar dawowa ko Kamalu kallon taga yake. Hanifa ta rungume gorar a cinya tana lissafa hanyoyin tsira. Ta jefar ta taga. Ta ɓoye a ƙasan jaka har Baba ya tafi masallaci. Ta ce lemo ne. Har suka wuce fitilun Malbaza da ba a kunna ba tukuna, ba ta zaɓi ko ɗaya ba.

Ta shiga gida bayan la'asar. Baba na tsakar gida, ya baro shago da wuri, wayarsa a hannu. Kallo ɗaya ta yi masa ta san labari ya riga ta.

"Mene ne a hannunki?"

"Ruwa ne, Baba."

"Na ina?"

"Na rijiyar."

"Me na ce miki?"

"Ka ce ko tsinke." Hawaye suka zubo mata. "Saƙo ne, Baba. Ba nawa ba ne."

Ba ta jira ba. Ta wuce shi, ta durƙusa a gaban tabarmar Kaka, ta ajiye gorar.

"Kaka, in ji Shatu. Ta ce tana nan, ba ta mutu ba. Ta ce ki yi sauri."

Tasbahar Kaka ta tsaya. Ta daɗe tana duban gorar kamar wani abu mai rai. Sannan ta jawo moɗarta, ta zubar da ragowar ruwan randa, ta kwance murfin da ƙyar, ta tsiyaya. Hanifa ta zuba wa ɗan ƙaramin yatsan ido. Bai motsa ba. Kaka ta kai moɗa baki ta sha kai tsaye, ta sha, ta sha, ruwa na bin tabon haɓarta yana ɗiga a zane.

Malam Muhsin ma ya gani. Tun yana yaro bai taɓa ganin uwarsa ta sha ruwa haka ba. Wayar ta sulluɓe daga hannunsa.

"Inna," ya ce. "Inna, mi ke nan? Ba Sakkwato ba?"

"Sakkwato ubanka ya kai ni. Can aka haife ka." Ta goge baki da bayan hannu. "Ni a gindin tsamiya aka haife ni. Kana da gwaggo... a'a, inna kake da ita, yayata, tana shara ita kaɗai."

Ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da farar rigarsa. Hanifa ba ta taɓa ganin Baba a ƙasa ba sai a salla. Ya dubi uwarsa, ya dubi gorar, ya dubi ɗiyarsa.

"Na ce mata in ta kawo..." ya fara.

"Na ji abin da ka ce, ina nan zaune." Kaka ta mayar da murfin gorar ta tura ta ƙarƙashin zanenta. "Ni aka kawo wa, ni na sha. In akwai wanda za ka hana jami'a, ni ce. Ka nemo mini mota gobe."

Ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa. Malam Muhsin bai tashi ba. Can ya share fuska da tafin hannu, ya yi magana ba tare da ya dubi kowa ba.

"Hanifa. Za ki gane hanyar?"

"Zan gane, Baba."

"To ki gaya wa malaminku gobe ba ki zuwa lakwal. Jibi ki koma, kada karatu ya wuce ki."