Tarin Baba

Yaya Babba ya ce ƙirjin mahaifinsu ƙarfe ne, in ya yi tari a tsakar gida har mai shagon bakin titi sai ya amsa da "sannu". Ya faɗi haka ne a ƙofar ɗakin masu tsananin ciwo, yana kaɗa makullin mota, likita na tsaye da takarda.

Kwana tara ke nan Baba na kwance da bututu a maƙogwaro, inji na yi masa numfashi. Yau ake shawarar cirewa. Likita ta ce cirewar ba wuya, abin tsoro shi ne a cire ya kasa, a sake turawa. Tsoho ba kullum yake jure na biyun ba.

Auta ta leƙa ta gilashi. Gadon da ke kusa da na Baba, jiya da safe aka cire wa mai shi bututu, da la'asar aka mayar. Yau an shimfiɗa sabon zani, ba kowa a kai.

"Yana shan taba?" in ji likita.

"A gidanmu? Haba likita!" in ji Yaya.

"Yana iya kwanciya ba matashi?"

"Kamar jariri. Ni fa na karance ciwon nan kaf a waya. A cire kawai, abokan aikina na zuwa dubiya, kar su tarar da shi haka."

Auta ce ke wanke rigunan Baba, ta san ƙananan hujojin wuta da ke gabansu. Ita ke jera masa matashi uku. Shekara biyu ke nan ita ke hura masa shayi, don in ya hura da kansa sai ya huta. Yaya kuwa rabonsa da gidan tun bikin yayar Auta.

"Yaya, ai Baba..."

"Ke Auta, manya na magana."

Ta haɗiye sauran. Likita ta ɗan dube ta, sannan ta ce su shigo su biyu.

Injin na ta huci a hankali. Kwalbar da ake zuƙe majina a cikinta ta kusa cika, nas ta ce ta uku ke nan tun safe. Likita ta zaro wani farin kati daga aljihu, ta raba bututun da inji, ta riƙe katin dab da bakin bututun.

"In tarinsa ya jiƙa wannan, zai iya fitar da majina da kansa. Baba, yi tari. Da ƙarfi."

"Ja da baya, likita," in ji Yaya, "kar ya ɓata miki riga."

Baba ya runtse ido. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, kafaɗunsa suka ɗaga. Abin da ya fito bai kai hucin kyanwa ba. Sau uku ana yi, inji ya fara kuka, nas ta yi maza ta sake haɗa bututun da shi.

Likita ta miƙa wa Yaya katin. Ya duba gaba, ya juya baya, ya ɗaga shi wajen fitila.

A bushe yake ƙayau.