Tanki a Cike

Direba ya cusa tiyo cikin tankin motarsa har sai da ya ji ya taɓo ƙasa, ya durƙusa da ƙyar a kan ƙafarsa ta dama, ya kai ɗaya bakin tiyon bakinsa ya zuƙa. Shekara ashirin da biyu yana tuƙi, ya san yadda fetur yake tahowa. Tururinsa ne ke fara dukan maƙogwaro, sai mutum ya yi maza ya zare baki ya tura tiyon cikin jarka. Wannan karon babu wani tururi. Wani abu mai sanyi ne ya cika masa baki, mai ɗanɗanon tsohuwar ƙusa. Ya tofar a ƙasa, ya tsaya yana kallon abin da ya tofar.

"Dogo, zo ka gani."

Dogo makanike yana can gaban mota yana goge kan batir. Shi ne ya hana a tayar da ita tun da safe, ya ce man da ya yi wata goma sha ɗaya a tanki ya mutu murus, sai an zuƙe shi an zuba sabo. Ya zagayo yana share hannu a jikin wando, ya tari abin da ke zuba a cikin wata tsohuwar robar ruwa, ya ɗaga ta ga rana.

"Direba, wannan ai ruwa ne."

"Wane irin ruwa? Ni na cika tankin nan da hannuna!"

"To, ruwa ne dai. Ga tsatsa nan tana yawo a ciki."

Suka bar tiyon yana zuba. Jarka ta farko ta cika da jan ruwa. Ta biyu ma haka. Sai can wajen ƙarshen ta uku ne fetur ya ga damar fitowa, ya yi duhu kamar shayin da ba madara, yana warin tsohon fenti.

Direba ya dafa motar ya miƙe, ya jawo sandarsa. Ranar da ya zuba man nan ba zai taɓa manta ta ba. Daga safe har la'asar yana layi a gidan mai, ya samu lita sittin cif, ya dawo gida yana jin kansa kamar wanda ya ci gasa. Ya ajiye mota a tsakar gida ya tsallaka titi zai sayo ƙwan lantarki, wata babbar mota ta kwashe shi. Ƙafar hagu ta karye wuri uku. Aka yi aiki sau biyu, aka sa ƙarfe, aka dawo da shi gida aka shimfiɗar.

Abu biyu ne suka riƙe shi a kan gadon nan. Na ɗaya, shugabar makarantar da yake kwasar ɗalibanta safe da rana ta ce wurinsa na nan har a shiga sabuwar shekarar karatu. Gobe ke nan. Ƙarfe shida da rabi na safe ya kamata a ji hon ɗinsa a ƙofar gidan farko, in ba a ji ba, aikin ya tafi. Na biyu kuwa, tankinsa a cike yake. Ya hana kowa tayar masa da mota, don shi a ganinsa duk wanda ba shi ba ɓata ta zai yi. Amma duk sati sai ya miƙa wa matarsa makulli da waya, ta je ta murɗa makullin sau ɗaya, ta ɗauko masa hoton allurar da ke nuna yawan mai. Ya kalli allurar nan a tsaye a sama, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ci abinci.

"Na san wanda ya yi min wannan," in ji Direba. "Ƙanena ne. Shi ke zuwa cire batir ya kai caji. Wato ina kwance ina nishi, shi yana nan yana tatsar min tanki! Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya fa, Dogo. Satar ma ba ta ishe shi ba sai ya ɗura min ruwa? Wallahi yau sai ya san wanda ya goya shi."

Ya zaro waya yana laluben lamba.

"Baban yara, ajiye wayar."

Matarsa ce tsaye a bakin ƙofar kicin, hannunta da kumfar wanke-wanke. Tun da aka fara zuƙar man take nan, ba wanda ya lura da ita.

"Ke koma ciki, ba maganarki ba ce."

"Maganata ce. Ba shi ba ne. Ni ce."

Dogo ya sunkuya yana gyara murfin jarkar da ba abin da ya same shi.

"Ke ce me?"

"Ni na zuƙe, ni na zuba ruwan." Ta goge hannu a zani, ta matso. "Ka tuna zafin nan da aka yi, da ake sati guda ba wuta? Bayanka ya fara saɓulewa saboda kwanciya, kana cizon matashin kai don kada yara su ji ka. Ma'aikaciyar jinya ta ce in ba ka samu iska ba ciwon zai ci har ƙashi. Sau biyu ina ɗaukar jarka in je layi, a kore ni, wai ba a ba masu jarka. Fankar da ta yi wata uku tana juyawa a kanka, me kake zato janareta ke sha? Yawuna?"

"Sai ki faɗa min mana! Bakinki ciwo yake?"

"In faɗa maka?" Ta yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Satin farko da na zara, allurar ta ɗan sauka, na kawo maka hoton yadda yake. Kwana biyu ba ka ci komai ba. Ka juya wa bango fuska ka ce an fara rabon gadonka tun kana numfashi. Na ce ai zafi ne ya busar da shi, da ƙyar ka yarda. Daga ranar, in na zari lita biyu sai in mayar da lita biyu. Na lura man yana tasowa sama, sai nake tura tiyon kaɗan in kwashi na saman. Na ɗauka ruwa zai zauna abinsa a ƙasa, in ka warke a zubar, shi ke nan."

"Kai," in ji Dogo a hankali, "wallahi akwai makanikan da ba su san wannan ba."

Direba ya watsa masa harara. Amma akwai abin da ke cin Dogo.

"Tsaya, Maman yara. Hoton allurar nan, murɗa makulli kike yi?"

"Duk sati. Shi ke sa ni."

Dogo ya dafe kai. "Shi ke nan. Direba, kai ma ka sani, da an murɗa makulli famfon mai yake tashi, ya kwashi abin da ke ƙasan tanki ya tura gaba. Me ke ƙasan tanki? Ruwa. Da an bar ta kawai ba a taɓa ba, da tanki kaɗai za mu wanke, ka fita gobe. Yanzu wata da watanni ke nan duk sati ana ɗura wa nozul ruwa, su da ke fesa wa inji mai."

Direba ya sani ɗin kuwa, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da wani direba ne ya kawo masa wannan labari a tasha, da shi zai fara yi masa dariya. Ya so ya zagi matar, ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai fara. Bayansa ya warke sumul, ko tabo ba sosai ba. Ya so ya zagi kansa, shi ma bai iya ba a gaban mutane.

Dogo ya ɗaga kujerar baya, ya kwance famfon ya fito da shi. Ya yi ja wur kamar an tono shi daga rijiya. Ya haɗa masa wuta, ko motsi bai yi ba.

"Kwana nawa?" Direba ya tambaya.

"A sauke tanki, a sake famfo, a sake nozul, a busa bututu. Kayan irin motar nan sun yi wuya yanzu. In an dace, sati biyu."

"Gobe nake so."

"Ko ni na ƙera ta, Direba, ba za ta tashi gobe ba."

Direba ya fizgi jarka ɗaya ya ja ta ƙiii zuwa bakin kwata, yana ɗingishi, sanda na zamewa. Dogo ya yi tsalle ya riƙe hannunsa.

"Haba, so kake ka tashi unguwa? Kwatar nan ta gaban mai walda take bi. Ruwa ne, amma ruwan da ya sha fetur. Tartsatsi ɗaya ya isa. Bar min su in kai gareji, in bar su su kwanta, in kwashe na sama mu wanke kayan inji da shi. Sauran in juye a duron baƙin mai, masu kwasa su tafi da shi."

"Na saman zai kai nawa?"

"Lita biyar, in ya kai. Shi ma ko janareta ba zai sha ba."

Lita biyar. Direba ya saki jarkar. Dogo ya ɗaure biyu a bayan babur ɗinsa, ya ɗora ta ukun a gaba, ya ce zai dawo da yamma da kayan aiki a fara sauke tankin. Ya fita a hankali, ruwan na kaɗawa a bayansa.

Direba ya jingina da mota ya kira shugabar makaranta. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi ɗalibai, sannan ya roƙi alfarmar sati biyu.



"Kawu Direba," in ji ta, "ai na ɗauka an faɗa maka. Tun zango na biyu muka ba wani. Iyaye suka matsa, ba yadda zan yi. Matarka ta zo har ofis ta roƙe ni, in ka kira in ce maka wurinka na nan. Ka yi haƙuri don Allah. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi," ya ce. "Na gode, Malama."

Ya kashe wayar. Matarsa ba ta gusa daga inda take ba, kuma daga ganin fuskarta ta san da wa ya yi magana. Bai ɗaga murya ba, ƙarfin ɗagawar ma ya ƙare.

"Sauran me? Tunda yau ranar zuƙe tanki ce, ki zuƙe duka. Me kuma kuka ɓoye min?"

Idonta ya sauka a kan ƙafarsa ta hagu, ta yi saurin kawar da shi, amma ya riga ya gani.

"Me likita ya ce?"

"Ya ce za ka yi tafiya. Ga shi kana yi."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ya ce sauran a bari ka gwada da kanka."

Direba ya buɗe ƙofar mota, ya jefa sandar a kujerar gefe, ya zauna a mazauninsa karon farko cikin wata goma sha ɗaya. Ya kama ƙafar hagun da hannu biyu ya ɗora ta a kan kuloci, wanda sai an taka shi giya ke shiga. Ya danna. Wani zugi ya taso daga idon sawu har ƙugu, ƙafar ta hau rawa ita kaɗai. Ya cije leɓe ya sake dannawa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Kulocin bai kai rabi ba ya turo ƙafar ya dawo da ita.

Ya daɗe zaune, hannunsa a kan sitiyari. Sannan ya sauko da ƙafar ƙasa, ya ce ta miƙo masa hannu ya fito.

"In Dogo ya dawo," ya ce, "ki ce masa kada ya wahalar da kansa da tankin."