Babur Guda, Maɓoya Goma Sha Tara

Ƙir... ƙir... ƙir. Da wannan ƙarar na farka, kamar ana zarto a ƙarfe a hankali, daga zaure inda babur ɗin autana yake.

Da shi yake kai burodi shaguna, da shi yake ci da mace da 'ya'ya biyu. Da zai yi tafiyar kwana huɗu ya kawo mini ajiya, ya ɗaure shi da sarƙa a jikin turke, ya datse kwaɗo, sannan ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah duba shi kawai za ka yi. Kada ka taɓa komai." Na san abin da yake tunawa: rediyon da na buɗe don in ga inda murya take kwana, da fankar da na ƙara wa fiffike na huɗu.

Na leƙa da tocila, ba kowa. Amma barci ya ƙi. Na kwanta ina tunani, ni kuwa tunani ne ya fitar da ni daga makaranta a aji uku. Kwaɗo ana fasa shi. Sarƙa ana yanka ta. To me ɓarawo yake zuwa nema? Babur. Idan ya zo bai tarar da babur ba, sai tarkace, me zai hau? Na yi mamakin yadda duk duniya ba wanda ya riga ni gano wannan.

Gari na wayewa na ari sifana a wurin maƙwabcina tela. Ina ɗaga kujerar babur ɗin sai ga gyare ya yi tsalle ya faɗa cikin takalmina. Ɓarawon jiya ke nan. Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Ni kuwa na ce tunda an jiƙa gari, a dama shi.

Tayar gaba ta shiga ƙarƙashin gado, ta baya bisa rufin banɗaki. Fulogi a gwangwanin gishiri. Fitila a cikin tsohuwar hulata. Maɓoya goma sha tara, ban da notuna. Da yake rubutuna ni kaina sai da addu'a nake karanta shi, sai na zana taswira: kowane ƙarfe da hoton inda yake kwance. Sannan wata dabarar ta zo mini. Idan ɓarawo ya sami taswirar fa? Na naɗe ta, na cusa cikin bututun hayaƙi, na ɓoye bututun a wurin da ba mahalukin da zai gano.

Har da ni.

"Malam, me wannan yake yi a gishirina?" in ji uwar yarana, fulogi a tafin hannunta.

"Gadi yake yi."

"Shekara arba'in ina gadin kayana daga hannunka, yau kuma kai ne mai gadi?"

Kwana biyu muna birkice gida, ita da muciya tana zungurar kowane lungu, ni ina rufe ido ina ƙoƙarin tuna abin da na zana. Mun tono goma sha shida. Mun kuma tono haƙorin roba na marigayi wana, da wani mukullin da ba ya buɗe komai, wanda na daɗe ina kewarsa.

Ranar dawowar yaron na kira bakanike. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera ƙarafan, ya daɗe yana kallo.

"Baba, mota ce ta bi ta kansa?"

"Ɓoye shi na yi."

"Ai kuwa ya ɓoyu. Ina kabireta? Ina bututu? Ina ma mukullin?"

Ana cikin haka sai na ji sallama. Autana ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Gobe da asuba burodi yana jiransa. Ya dubi zaure: sarƙa da kwaɗonta suna nan lafiya lau, zagaye da turke, ba ko ƙwarzane. Ya dubi tabarma. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye jakar a hankali, ya tsuguna, ya ɗauki madubi ɗaya yana goge shi da bakin rigarsa.

A can ƙarƙashin tukunyar ruwa gyaren ya soma: ƙir... ƙir.

Tela ya leƙo ta saman katanga, ya zo karɓar sifanarsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi tabarma, ya ce, "Wai Malam, shi ɓarawon nan, da a ce ya zo, me ya rage masa ya yi?"