Bishiyar Maganin Gwiwa

Mai Sassaƙe ya tsufa yana sayar da maganin gwiwa a bakin tasha, lasifika a kafaɗa, yana rantsuwa cewa da kansa yake shiga daji ya sassaƙo. Gaskiyar magana kuwa, wani dillali ke kawo masa garin a buhu, shi nasa ƙullawa a leda. Dajin da ya sani bai wuce wanda ake hangowa ta tagar mota ba.

Ƙanin matarsa ne ya ja masa. Direban tirela ne, irin mutanen da in suka ji magana da safe, kafin azahar ta zaga tasha har da ƙari. Ya daɗe yana shan garin nan, sai ran nan ya ce, "Mijin Yaya, an buɗe ɗan gandun dajin bayan gari, kowa na shiga kallo. Zo mu je ka nuna mini bishiyar da nake ta ɗirkar bawonta."

Ƙin zuwa tonon asiri ne, don haka ya bi shi.

Wurin an kewaye shi da waya, an share 'yar siririyar hanya tana lanƙwasa cikin itatuwa, ƙasa duk busasshen ganye da laimar kwaɗi. Kowace bishiya an kafa mata allo da wani dogon suna na boko. Direba ya gwada karanta ɗaya, harshensa ya harɗe, ya haƙura. Mai Sassaƙe ya yi hamdala a ransa.

"To, wacce ce?"

"Kai, yaro, magani ba a bakin hanya yake zama ba. Mu ƙara gaba."

Shi dai ganye duk ganye ne a wurinsa, amma harshensa ya san ɗanɗanon garinsa kamar sunansa. Saboda haka duk bishiyar da suka iso sai ya rungume ta, wai gaisawa yake da ita yadda masu sana'a ke yi, ya faki ido ya lasa. Wata ɗaci, wata bauri, wata ta bar masa tururuwa a gemu. Babu wadda ta yi daidai.

"Ko Yaya ba ka taɓa runguma haka ba," in ji direba. "Sai na gaya mata."

A wata 'yar gadar katako da aka ɗora kan rafi Mai Sassaƙe ya tsaya huci. Sabuwa ce, ko fenti ba a yi mata ba. Ya dafa katakon gefen gadar, ya share gumin bakinsa da wannan hannun, sai ya yi cak. Ya sake lasar yatsa. Ɗanɗanon garinsa ne, ba ko tantama. Ashe duk shekarun nan garin katakon kafinta yake auna wa bayin Allah cokali biyu a koko.

"Lafiya, Mijin Yaya? Ka ga wani abu ne?"

"Na ga bishiyar," ya ce, ya miƙa hannu ga ta farko da idonsa ya faɗa kai, wata gajera mai fitar da farin ruwa a jiki.

Direba ya zagaya ta yana gyaɗa kai. Sannan ya zaro wuƙa daga ƙugu. "Madalla. Bari in sassaƙi nawa, in jiƙa yau in sha ɗanye. Ai ya fi ƙarfi."

Mai Sassaƙe ya dubi wuƙar, ya dubi farin ruwan. Garin katako dai bai taɓa kashe kowa ba, wannan kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta. In ya yi shiru, ƙila ya kai wa matarsa gawar ƙaninta. In ya ce ba ita ba ce, gobe ko yara ba za su tsaya gaban lasifikarsa ba.

Ya ja numfashi, ya saki muryar nan tasa ta talla da ake ji daga ƙarshen tasha.

"Mai gadi! Mai gadi! Ga wani nan da wuƙa zai ɓare muku bishiya!"

Masu gadi biyu suka ɓullo a guje, suka ƙwace wuƙar, suka riƙe direba ta wuyan riga suka nufi ƙofa da shi. Yana waiwaye yana cewa, "Ni ka tona wa asiri? Ni?"

Mai Sassaƙe ya biyo su a baya a natse, yana tsince tururuwa daga gemunsa, yana gaya wa 'yan kallo cewa shi a kan amanar daji ko ɗan'uwa ba ya ragawa.