Sunan da ke Jikin Kura

Shekara nawa kuka yi kuna miƙa mata hannu ba ku ɗaga kai ba? Da ku nake, masu shiga jami'ar nan ta ƙofar gabas, kuna rawar ɗarin safiyar Huancayo, ku karɓi kofin emoliente, ruwan sha'ir da ganyayyaki mai tururi, ku shanye a tsaye, ku ce "Seño, gyara fa?" kamar yadda kuke kiran kowace mata, ta ƙara muku rabi, ku wuce. Sati biyu ke nan da aka liƙa takarda a bangon da ke bayanta, cewa masu sayar da abinci su tashi daga ƙofar kafin ƙarshen wata. Kun karanta. A gabana kuka karanta, da kofinta a hannunku.

Nélida Ccanto ma ta karanta, sai dai ita ta zauna ta yi rubutu. 'Yar aji ɗaya ce, kwananta tara da shiga jaridar ɗalibai, kuma duk aikin da aka ba ta zuwa lokacin shi ne ninke takardu. Ranar Talata da sassafe ta shiga ɗan ɗakin jaridar da ke ƙarƙashin bene, ta ajiye shafi biyu gaban edita, Edilberto, wanda ya kai shekara shida yana cewa bana zai gama.

Bai taɓa takardar ba. "Sabuwa, kin karanta mata?"

"Wa?"

"Matar da kika rubuta a kanta mana."

Ya nuna rubutun da ke jikin bango da biro. Dokar jaridar ce tun kafuwarta: duk wanda aka rubuta labarinsa, in dai ba mai muƙami ba ne, sai marubucin ya je ya karanta masa da baki. In ya ce "ba ni ba ne", ba a bugawa.

"Ƙarfe ɗaya nake kai wa maɗaba'a," in ji shi. "In kin makara, hoton ƙungiyar ƙwallo zan sa a gurbin, kuma kin san yadda suke da muni."

Nélida ta tarar da layi a gaban kurar da matar ke sayar da emoliente a kai. Ta jira ya ragu, ta gyara murya, ta fara. Ta karanta yadda Doña Rosita, tsohuwa mai rawar hannu, take turo kura cikin sanyi ita kaɗai tun da mijinta ya rasu, ba ta da kowa a duniya.

Matar ta dakata da ludayi a sama. Ta juya wajen mutumin da ke soya ƙwai a kurar gefe.

"Teófilo, ka ji? Ashe ka mutu."

"Allah ya jiƙaina," in ji shi, yana juya ƙwan. "An yi jana'iza mai kyau dai ko?"

Nélida ta nuna mayafin matar. "Baƙin mayafin ne ya sa na ɗauka..."

"Ba ya nuna datti ne, 'yata. To wace ce kuma Rosita?"

"Ke mana. Ga shi nan." Ta nuna jan rubutun da ke jikin kurar, da furanni kewaye da shi.

"Rosita tana Lima tana aikin jinya. Ranar da na haife ta wannan mamacin ya rubuta sunan." Ta goge bakin tukunya. "Ba ni ba ce. Matar nan taki abar tausayi ce ƙwarai, ki kawo ta in ba ta kofi kyauta."

Nélida ta dubi takardunta. Sau huɗu ta sake kwafe su. "Ni taimakon ki nake so in yi, Seño."

"To riƙe ludayi."

Haka ta tsaya a bayan kura har rana ta ɗaga, tana ɗebo ruwan sha'ir, matar tana zuba ganyayyaki daga kwalabe kala-kala. Daga wannan ɓangaren ƙofar daban take. Wani dogo ya zo yana tari, matar ta matsa masa lemun tsami biyu ba tare da ya nema ba, ta ce, "Wílber, ka sha maganin ko sai na kira uwarka?" Wata ta ajiye hular babur a ƙarƙashin kura ta ruga aji. Wani farfesa mai furfura ya karɓi kofinsa, ta tuna masa ranar da ya faɗi jarrabawar lissafi ya ɓuya a nan. Kowa ta kira sunansa. Nélida ta kasa kunne, ba ta ji wanda ya kira sunan matar ba.

"Duk kin san su?"

"Ke kuma Nélida ce, daga Huancavelica. Ba kya son sukari. Satinki na farko kin zo bayan kurar nan kin yi kuka, na yi kamar ban gani ba."

Nélida ta ajiye ludayin a hankali.

"Seño, yaya sunanki?"

Matar ta ɗan jima tana goge hannu a jikin mayafi. Sannan ta faɗa, sunanta da na mahaifinta da na mahaifiyarta, ta leƙa ta ga an rubuta daidai.

A kan wani akwatin lemo Nélida ta zauna, ta ɗora takarda a gwiwa. Ta rubuta lemun tsamin Wílber, da hular babur, da shekara ashirin da biyu a wuri ɗaya, da takardar bango. Ta miƙe ta karanta. Teófilo ya rage wutar kaskonsa don ya ji.

"Wannan ni ce," in ji matar. "Zai hana su korata?"

"Ban sani ba."

"To. In sun kore ni, sun dai san wa suka kora." Ta cika kofi ba sukari, ta miƙa mata, ta jira ta shanye, ta yi mata gyara.

Saura minti goma ƙarfe ɗaya ya cika Nélida ta faɗa ɗakin jarida tana haki. Edilberto ya karanta a tsaye, jaka a kafaɗa.

"Kan labarin bai yi ba, zan canza. Rubutunki kamar kaza ta bi ta kan tawada." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. "Shafi na uku. 'Yan ƙwallo sun huta, mu ma mun huta."

Jaridar ta fito yau Alhamis. Na ga kwafinta a zube a kan benci, wani har ya naɗe burodi da shi. Ranar Litinin da ƙarfe goma kwamitin da ya liƙa takardar nan zai zauna a bene na biyu, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowane ɗalibi.

Ni ba zan gaya muku sunanta a nan ba. Gobe da safe, kafin ku miƙa hannu, ku ɗaga kai ku tambaye ta. Ranar Litinin ku hau benen ku faɗa wa kwamitin.